'Yan Shila

Kaya sun gama shiga mota, saura tattabaru. Baba Celestine, tsohon direban jirgin ƙasa, ya tsaya a gaban ɗakinsu na langa-langa kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. 'Yarsa Uloma ta zo daga Inugu tun da ta ji labarin rikicin Zangon Kataf, ta kuma rantse ba za ta bar Kafanchan ba sai da shi. Sati guda suna ja-in-ja, jiya ya sakar mata.

Maƙwabcinsa Kumai, malamin firamare, ya zo da kwando. Ya duba tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, ya ce 'yan shila kawai zai ɗauka. Uloma, wadda Hausarta ta zube a makarantun Kudu, ta tambaya mene ne kuma shila.

"Yaron tattabara ne, sista," in ji Kumai. "Ya yi gashi amma bai tashi ba. Inda ya fara tashi, nan ne gidansa. Manyan kuwa, ko Legas ka kai su, za su dawo wannan rufi."

Baba Celestine ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ɗan shila tsofaffin direbobi suka riƙa kiransa lokacin da ya zo Kafanchan yana ɗan shekara goma sha tara, bai san bambancin birki da usur ba. Ya daɗe yana jin haushin sunan, a zatonsa cewa suke yi bai iya komai ba. Bai taɓa tambayar kowa sauran ma'anar ba, don mutum ne mai girman kai, kuma har yau bai daina ba.

Uloma ta tsargu. Ta tuna masa cewa ya taɓa gudu a shekarar sittin da shida. Ya ce ƙwarai, kuma yaƙin basasa na ƙarewa ya dawo. Nan ta fashe da kuka, ta ce ba za ta zauna a Inugu tana jiran rediyo ya gaya mata ko tana da uba ba. Tausayinta ya kama shi, ga kuma tsoron ƙasar da ake ce masa tasa ce alhali bai san kowa a cikinta ba sai kaburbura.

Ya juya ga Kumai.

"Kwashe yaran. Manyan kuma ka yanka su yanzu, ina tsaye. Kada su yi ta kewaya gidan da babu mai watsa musu dawa."

Kumai ya aika a kawo wuƙa. Matarsa ta soye naman, ta ƙunsa musu a takarda saboda hanya.

Uloma ta buɗe ƙunshin a Akwanga, ta sake buɗewa a Makurɗi. Duk sau biyun mahaifinta ya ce ba ya jin yunwa.