Kujera Kusa da Ƙofa

Mai walda ya goge tafinsa a jikin wando kafin ya ajiye gorar ruwan a kan teburin malama. An tashi daga makaranta, aji ba kowa sai su biyu da Auta, 'yarsa, tana wasa da igiyar jakarta.

"Kwana biyar ke nan tana dawowa da gorar nan a cike," ya ce. "Malama, akwai abin da ban rubuta a takardar shiga ba. Sikila gare ta. Tsoro na ji kada a ƙi ɗaukarta."

Malama ta cire tabarau. "Haba, Baban Auta. Wata biyu tana hannuna!"

Ya sunkuyar da kai. Likita ya sha gaya masa, in ruwa ya yi ƙaranci a jikinta ciwon zai taso, sai kwanciya asibiti. Bara sau uku suka kwanta.

"'Yata, me ya hana ki sha?" in ji malama.

"In na sha fitsari nake ji. Kuma sai na je gaban allo na ɗauko katakon izinin fita. 'Yan baya suna ƙirga mini. Famfo suke ce mini."

Nan da nan uban ya zaro wata takarda daga aljihu, ya hau karantawa yana bin layi da yatsa. Ban da gudu, ban da shara, a tara 'yan aji a yi musu bayani.

"Baba, don Allah!"

"Dakata," malama ta ce masa. "Mu ji daga bakin mai jikin."

Auta ta saci kallon ubanta. "Kada a gaya wa kowa. A dai mayar da ni kusa da ƙofa, in fita ba katako. Shara kuma zan yi, Laraba layinmu ne."

"An gama. In kin ji ciwo kuma, ki kife littafinki, zan gane."

Shi da kansa ya ɗauki kujerarta ta ƙarfe ya kai bakin ƙofa. Da ya dire ta, sai ya ga ƙafar kujerar ɗaya tana rawa.

"Gobe sai in zo in gyara, in ɗan zauna in ga yadda..."

"Gobe kana shago," in ji malama. "Mu muna nan."

Sai ya durƙusa, ya ninke takardarsa gida huɗu, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar kujerar. Ya girgiza ta. Kujerar ta zauna daram.