Minti Bakwai a Kan Siminti

"Mai sito ne ya kashe min yaro. Shi da mutum sittin ɗin da suka zauna suna kallo. Rubuta."

Ɗan sandan da ke bayan kanta bai rubuta ba. Ya ɗago ya dubi matar, gajeriya, mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk kaushin sabulu. Mai Guga ake ce mata a unguwa, don shekara talatin ke nan tana wanke kayan mutane tana goge musu.

"Inna, zuwanki na uku fa ke nan," ya ce, yana jawo wata takarda. "Nan an rubuta a bakin titi aka tsinci ɗanki. An rubuta ana zaton ƙwaya ce."

"Wa ke zaton?"

"Haka dai aka rubuta."

"Ni ban yi makaranta ba, amma na san takarda ba ta rubuta kanta."

"Makaɗi ne fa, Inna. Kin san yaran nan."

"Makaɗi ne, ban musa ba. Kai ma ɗan sanda ne, ka ji na ce kana cin hanci?"

Wanda ke zaune kusa da shi ya toshe baki yana dariya. Shi kuwa ya sauke numfashi, ya sassauta murya.

"Kawo min mutum ɗaya da ya gani da idonsa, ya sa hannu. Ɗaya tak. In babu shi, abin da ke takardar nan shi ne zai zauna."

Ta gyara mayafinta ta fita. Mutum ɗaya cikin sittin. Sai ta ga kamar ba wani aiki ba ne.

* * *

Autanta ne. Abokansa Gwangwani suke ce masa, domin tun yana ƙarami ba ya wuce gwangwani a hanya bai ƙwanƙwasa shi ya saurara ba. Da ya girma aka kai shi koyon walda, ya iya, sai ya koma haɗa kayan kiɗa da tarkace. Bokitinta da ya huje, sifirin ɗin tsohuwar katifa, murfin tukunya, guntun rodi, duk ya yi musu walda wuri guda, ya maƙala musu wayar wuta, ya haɗa da lasifika. Idan ya goga musu ƙarfe sai su yi wani irin gurnani mai tsawo, kamar ƙaton ƙyaure ana jan sa a hankali.

"Wannan kiɗa ne ko ciwon ciki?" takan tambaye shi.

"Inna, kunnenki ne bai waye ba."

"To wa ke rawa da shi?"

"Ba a rawa. Saurare ake yi."

"Ashe shi ya sa ba ka yi aure ba."

Shi da abokan kiɗansa ba mai gayyatar su biki, ba gidan rediyon da ke saka su. Wani tsohon sito suka samu a bayan layin masu taya, inda duk Asabar da yamma ire-irensa ke taruwa, masu jita da masu ganga da masu abin da ba shi da suna, su yi wa junansu wasa. Ba ta taɓa zuwa ba. Ya sha roƙon ta, ita kuwa kullum da kayan mutane jibge a gabanta.

Ranar da aka kira ta asibiti an riga an rufe shi da zane. Ta buɗe fuskar, ta mayar. Sai ta kama hannunsa na dama, ta tarar yatsun a dunƙule. Da ta buɗe su da ƙyar, ga wani farin layi kwance a tafin hannun, fatar ta bushe ta tattare, faɗinsa daidai faɗin rodi.

Shekara talatin tana riƙe dutsen guga. Ta san ƙunar gawayi, ta san ta ruwan zafi, ta kuma san wadda wutar lantarki ke bari idan ta ja mutum. Ta nuna wa ma'aikaciyar jinya, aka ce mata ta yi haƙuri. Ta faɗa wa 'yan sanda sau biyu, suka ce ai mai walda ba ya rabuwa da ƙuna.

Kafin a yi kwana uku magana ta zagaya unguwa. Masu zuwa gaisuwa suna cewa Allah ya jiƙansa, suna fita suna cewa dama an san za a rina. Wata ma da ta kawo wanki ta ja ɗanta baya, kada ya taɓa tarkacen da ke jingine a lungun ɗakin, kamar ƙwayar na manne a jikin bokiti.

* * *

Ran kwana na goma sha ɗaya, da rana tsaka, tana cikin goge wata farar riga, wata budurwa ta yi sallama. Siririya ce, ta yanke farcenta ƙurmus, kan yatsunta na hagu sun yi tauri. Ta ce ita ke kaɗa jita a wasan Gwangwani. Ta ƙi zama a kujera, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ba a titi ya faɗi ba."

Mai Guga ta kafa dutsen a tsaye. "Ina jin ki."

Yarinyar ta ciro wayar hannunta, ta kunna wani bidiyo, ta miƙa. Ga ɗanta nan a kan dandamali, ba takalmi a ƙafarsa. Dandamalin ma daɓen siminti ne kawai da aka ɗan ɗaga, ga shi yana sheƙi, don an yi ruwa da rana kuma rufin na yoyo. Yana kaɗa abin nasa, kansa a sunkuye. Sai ya kai hannu ya kama rodin. Jikinsa ya sandare, wuyansa ya miƙe, lasifika ta ɗauki wata ƙara mai kauri wadda ba ta hawa ba ta sauka. Ya yi baya ya faɗi.

Ba wanda ya motsa.

"Me suke jira?" Mai Guga ta tambaya.

"Haka yake rufe wasansa, Inna. Yakan kwanta a ƙasa har sai ƙarar ta mutu da kanta. Kuma dokar wurin ce, ba a magana, ba a tashi, ba a taɓa mai wasa sai sauti ya ƙare. Shi da kansa ya kafa ta."

"To ƙarar ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Ba tasa ba ce, ta wutar ce."

A cikin bidiyon ana ganin kawuna a jere, wasu sun lumshe ido, wasu sun ɗaga wayoyinsu. Ƙafarsa ta hagu ta yi motsi sau biyu. Wani a kusa da mai ɗauka ya yi raɗa, "Yau Gwangwani ya kai ƙarshe." Da aka gaji da jira, wani daga baya ya soma tafi, wurin ya ɗauka gaba ɗaya, har da fito.

"Minti nawa?"

"Bakwai."

"Ke kina ina?"

Yarinyar ta nuna gefen hoton, inda wuyan jita ya leƙo. Taku uku ne tsakaninsu.

Sauran ta faɗa ne kanta a ƙasa. Da aka gane abin da ya faru, mai sito ya kashe wuta, ya sa aka ɗauke shi aka ajiye a bakin titi kafin a kira mota. Wurin ba shi da izini. Wutar ma daga falwayar layin masu taya aka sato ta, kuma su duka suka ja wayar da hannunsu, har da shi marigayin. Aka yi alkawari kowa zai goge abin da ya ɗauka.

"Tashi mu je ki faɗa musu haka."

"Ba zan iya ba, Inna. Yayana ne ya ɗaura wayar a kan falwaya. 'Ya'yansa uku."

"To ba ni abin nan."

Yarinyar ta karɓe wayarta ta ƙanƙame. Hawaye na zuba, yatsanta na tafiya a kan gilashin. "Na dai so ki sani ba ƙwaya ba ce," ta ce. Kafin Mai Guga ta gane abin da ake yi, an goge.

"Ai ni na sani tun a asibiti. Ba ni ke buƙatar sani ba."

Washegari ne ta koma wurin 'yan sanda karo na uku, aka ce ta kawo mutum ɗaya.

* * *

Ranar Asabar ta kulle ɗaki bayan azahar ta nufi layin masu taya. Ba ta sha wahalar gane wurin ba, don an manna hoton ɗanta a jikin ƙyauren, yana dariya. Wasan tunawa da shi ake yi.

Mai sito ya taso da sauri. Ta zaci za ta ga ƙaton mutum mai tumbi, sai ga wani ramamme mai furfura a gemu, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa har ƙasa, ya kawo mata kujerar roba, ya goge da hannun rigarsa.

"Inna, da kin aiko ai da mun zo mun ɗauko ki."

Dandamalin take kallo. An shimfiɗe shi da sabuwar roba mai kauri. An liƙe rufin. Sabuwar wayar wuta ta bi bango cikin bututu, tsaf, an ɗaure ta da kyau.

"Kwana nawa aikin nan ya ɗauke ku?"

"Wuni ɗaya ne," ya ce, sannan ya ji abin da ya faɗa.

Ya matso ya rage murya. "Inna, shekara tara ina riƙe da wurin nan, ban ci komai a ciki ba. Duk garin nan babu inda yaran nan za su je. In aka rufe, shi ke nan. Shi kansa da yana nan, ba zai so a rufe ba."

"Ka tambaye shi ne, lokacin da kake jan sa zuwa titi?"

Wani mai dogon gashi ya hau dandamali ya ce mahaifiyar Gwangwani tana tare da su. Aka miƙo mata makirfo. Ta dubi abin, ta mai da hannuwanta baya. Muryar da ta saba kiran masu kaya daga wancan ƙarshen layi ba ta buƙatar taimako.

"Ban san kiɗanku ba, ban kuma zo zaginsa ba. Ɗana ya so shi, ya so ku. An ce min ku masu saurare ne, wai har ɗigar famfo kuna jin daɗinta. To kun zauna minti bakwai kuna sauraron mutuwarsa. Wannan na bar ku da Allah, ba ku sani ba. Amma wanda ya kama hannunsa da wanda ya kama ƙafarsa aka kai shi bakin kwata, sun sani. Yanzu a unguwarmu ɗan ƙwaya ake ce masa. Mutum ɗaya nake so ya bi ni ya faɗi abin da ya gani."

Shiru. Irin shirun da suka ƙware a kai. Can baya wasu biyu sun ɗaga wayoyinsu suna ɗaukar ta.

Sai ta ja kujerarta, tana ƙara a kan siminti, har bakin ƙofa. Ƙofa ɗaya ce wurin. Ta zauna a tsakiyarta, ta bar ɗan wurin da mutum zai raɓa.

"Duk mai fita ya dube ni ya ce bai gani ba."

An daɗe ba wanda ya tashi. Ta fara tunanin ko kunya za ta yi abin da doka ta kasa. Sai mai dogon gashin nan ya rataya jakarsa, ya zo ya karkata jiki ya raɓa ta gefenta, idonsa a kan takalminsa.

"Allah ya ba da haƙuri, Inna."

Da ya nuna musu hanya, sauran suka biyo. Mai ganga da gangarsa a ka, 'yan mata biyu riƙe da hannun juna, wani dattijo mai tabarau da aka ce malami ne. Kowa ya karkata, kowa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ba wanda ya ce bai gani ba. Ba wanda ya ce ya gani. Rigunansu na gogar kafaɗarta, tana jin ƙamshin sabulun kowa.

Da rana ta yi sanyi, saura mutum biyu a ciki. Yarinyar nan mai jita na zaune a gefen dandamali, ta haɗa kai da gwiwa. Mai sito na tsaye da kwaɗo a hannu, yana buɗe shi yana rufewa.

"Inna, dare zai yi. Zan kulle wurin."

"Kulle. Ni a nan nake." Ta gyara zama, ta ɗora hannuwanta a kan cinya. "Ofishin 'yan sanda ba ya rufewa. Ku biyu ne, ni ɗaya na ce. Ku shawarta a tsakaninku wanda zai tashi ya amsa."