Waƙar Kanar

Jethro na tsaka da manna gemun roba a bayan dandamali sai aka shigo da tsohuwar, aka ajiye mata kujera kusa da shi.

"Mama Dorcas ce, matar marigayi," in ji Boniface, bakaniken Kakuri da ya koma shugaban kamfen. "Ku gaisa, yanzu za a kira ku."

Jethro ya ɗago ya dube ta. Fim uku ya fito a matsayin mijinta, Ɗanladi Mai Molo, mawaƙin da duk kudancin Kaduna ke ji da shi, amma bai taɓa haɗuwa da ita ba. Tun da aka sallame shi daga masaƙa yake cin abinci da fuskar mamacin. A kasuwa Mai Molo ake kiransa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne bai iya waƙa ba, ko a coci matarsa kan zungure shi ya rage murya. A fim baki kawai yake motsawa, kaset na yin sauran.

Yau ma haka aka tsara. Soja sun koma bariki, an buga gangar siyasa, Kanar George mai ritaya ya tuɓe kaki ya sa babbar riga yana neman shugabancin ƙaramar hukuma. An samo wani mai kwaikwayon muryar marigayi ya rera wa Kanar yabo a kaset.

"Sannu, Mama," in ji Jethro, ya durƙusa.

Ta ƙare masa kallo. "Kai ne mijin nawa? Ka fi shi ƙiba." Ta kai hannu ta gyara masa hula. "Ka san wanda za ka yaba?"

"Kanar ne, Mama."

"Shi ya tsare maigidana a bariki saboda waƙar Takalmin Ƙarfe. Da ya fito, yatsunsa ba su ƙara riƙe molo daidai ba."

Jethro ya shafa gemun da ya manna. A fim an nuna kamun, amma darakta ya ce kada a ambaci suna.

"To me ya kawo ki, Mama?"

"Mota aka aiko. Na ce bari in zo in ga ko kunya na kama mutum."

Filin makarantar da ke Nasarawa ya cika maƙil. Da Jethro ya hau da molonsa, mata suka rangaɗa guɗa, wani dattijo har da share hawaye. Aka saki kaset. Ya fara motsa baki yana kiran George garkuwar talakawa, yana kauce wa idon tsohuwar.

Bai kai rabin waƙar ba janareta ya yi tari ya mutu.

Filin ya yi tsit. Boniface ya ruga wajen injin yana zagin wanda ya sayo mai. Jama'a suka fara ihu: "Mai Molo, ci gaba! Marigayi ba ya jiran wuta!"

Jethro ya gyara riƙon molonsa. Yabon George bai haddace ba. Waƙa ɗaya ce ta zauna masa a ka, don ita ya fi maimaitawa gaban kyamara. Ya dubi Kanar a kujerar gaba, ya dubi Mama Dorcas, ya tuna yadda ake cewa sojan da ya yi ritaya bai manta hanyar bariki ba. Duk da haka ya buɗe baki.

"Mai takalmin ƙarfe, taka a hankali,
Ƙasar da ka raina ita za ta rufe ka."

Muryar ta fito kamar ana jan buhu a kan kwalta. Wasu suka kwashe da dariya. Amma matan sahun gaba suka karɓa, na baya suka ɗauka, kafin ya kai baiti na biyu ba wanda ke jin muryarsa. Ya ci gaba, yana jiran 'yan sanda su hau su sauke shi.

Janareta ya tashi. Kanar George ya miƙe, ya hau dandamali a hankali, ya karɓi makirufo. Jethro ya ja da baya.

"Jama'a!" in ji Kanar. "Kun san wa marigayi ya yi wa waƙar nan?"

Ya bugi ƙirjinsa.

"Ni ne! Ni George! Ku je ku tambayi abokan hamayyata, a cikinsu wa Mai Molo ya taɓa ɓata dare ya yi wa waƙa?"

Filin ya ɗauki tafi. Kanar ya rungume Jethro, mai hoto ya haska su. "Gobe a Kamazou za mu yi taro," ya raɗa masa a kunne. "Wannan za ka yi. Ka bar wancan kaset ɗin."

Da taro ya watse, Jethro ya tarar da Mama Dorcas a bakin titi ita kaɗai. Motar da ta kawo ta ta tafi raka Kanar.

"Mama, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji. Ai bai yi ƙarya ba." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Tare mini ɗan acaɓa, ɗana. Unguwar Mu'azu zan je."