Muryar da Aka Ɗora wa Nunzia

Ranar wata Talata ce a watan Nuwamba, tun asuba hadari ya haɗe a kan duwatsun Kalabriya. Kafin hantsi ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, yana dukan kwanon tsohon rumbun zaitun ɗin da Nunzia Scarfò ta kafa kyamararta a ciki. Saverio mai ɗaukar sauti ya zare abin kunnensa, ya ce a dakata ruwan ya tsagaita.

"Ba zan jira ba," in ji Nunzia. "Yau bakina ya buɗe. Gobe ban sani ba."

A wannan rumbun aka ɗauki fitowar da ta mai da ita tauraruwa, tana da shekara goma sha takwas. A zamanin ba a damu da sauti a wurin ɗauka ba. Ɗan wasa ya motsa baki kawai, ko ƙirge ya yi ta yi, ɗaya biyu uku, in an koma Roma a ɗora murya. Daraktan, wanda kowa ke kira Maestro, ya ce harshenta na masu kiwon awaki ne, ta yi ƙirge abinta. Sai ya ja jarumin gefe ya raɗa masa ya danne ta da gaske, ya yaga mata riga, kada a faɗa mata. Nunzia ba ta yi ƙirge ba. Abin da ta faɗa ba mai kallon da ya ji. A gidajen kallo, wata murya mai laushi mutane suka ji tana cewa riƙe ni, riƙe ni, suka yi ta tafi.

Maestro ya daɗe da mutuwa, an binne shi da furanni da jawabai. Ita kuwa ta haura hamsin, ta tsaya bayan kyamara tana yin fim a kan rayuwarta: ƙwayoyin barci, 'yan jaridar da suka kwana a ƙofarta, ɗanta da ta bar wa uwarta har ya daina kiran ta mamma. A fitowar ƙarshe ita da kanta ta tsaya a tsakiyar rumbun, ba kwalliya, ta faɗi abin da ta faɗa a waccan ranar da harshen ƙauyensu. Sau ɗaya ta yi. Da aka ce a yanke, ta fita cikin ruwan ta yi amai a gindin bishiya.

Da suka koma Roma suka saurara, ruwa ya cinye maganar. Kalma ɗaya ta fito, uku su nutse.

Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne a sana'ar. Ana shiga ɗakin ɗora murya, a haska fitowar a allo, mutum ya maimaita maganarsa daidai da motsin bakinsa. Nunzia ta shiga ta tsaya gaban makirufo, ta ga fuskarta a allo, maganar ta ƙi fitowa. Ta sha ruwa, ta sha kofi, ta zagi Saverio da bai yi mata komai ba. Abin da ya fito kamar karatun labarai ne. Ta koma washegari, ta sake komawa, shiru kake ji.

Furodusan, Fulvio Ceccarelli, mutum ne mai yawan murmushi da turare. Ya samar wa fim ɗin gurbi a babban bikin fina-finai, kuma lokacin miƙa shi ya matso. Wata safiya Nunzia ta tura ƙofar ɗakin, ta tarar da wata tsohuwa a kujerarta, da jan gyale a wuya, tana tsotsar alewar maƙogwaro.

"Nunzia tawa, kada ki yi fushi," in ji Ceccarelli. "Gwaji ne kawai. Kin san Sinyora Ortensia."

Ta san ta mana. Ortensia Maggi ce muryarta a duk fina-finan ƙuruciyarta.

"Dottore," in ji Nunzia, da laƙabin girmamawar da ake kiran sa da shi, "ka sha wani abu ne da safen nan?"

"Ki saurara tukun. In bai yi miki ba a goge."

"'Yar nan, kin tsufa," in ji Ortensia, tana kallonta ta saman tabarau. "Amma leɓenki na nan yadda na san shi. Har yanzu ba kya rufe baki a ƙarshen magana. Kin sha ba ni wahala."

Nunzia ta jingina da bango ta harɗe hannu. Saverio ya kashe fitila, ya saki hoton. Tsohuwar ta tofar da alewar a tafin hannunta, ta kalli allon sau biyu, a na uku ta buɗe baki.

Abin haushin, ta iya. Har harshen Kalabriya ta kwaikwayo, har inda numfashi ya sarƙe. Muryar ta karye daidai inda ya kamata ta karye. Da aka kunna fitila Saverio yana share ido da bayan hannu, Ceccarelli kuwa sai sumbatar yatsunsa yake.

"Kin ji? Na rantse sai an miƙe tsaye ana tafi!"

Maganar tafin ce ta tunzura Nunzia. Ta taɓa jin irinsa. Ta taka har gaban tsohuwar.

"Sinyora, in tambaye ki. Wancan fim ɗin na farko, faifan wurin ɗauka, an kunna miki?"

"Dole a kunna. In ban ji ba ta yaya zan bi bakin?"

"To me kika ji? Ƙirge?"

Ortensia ta mayar da alewar bakinta.

"Na ji kina cewa jarumin ya sake ki. Na ji kina kiran uwarki. Na ji shi Maestro yana cewa kada a yanke. Wuni guda ina maimaita shi, sai da na haddace."

"Kika ɗora masa riƙe ni."

"Abin da aka rubuta mini ke nan."

"Kin ji yarinya tana ihu, kika rufe ta da zuma, kika tafi gida kika dafa taliya!"

"Na dafa mana! 'Ya'ya biyu gare ni da miji mashayi. Ke kuma fa? Wa ya hau dandamali da doguwar riga ya karɓi kyauta? Kuka nawa, kyauta taki. Kin taɓa ambatar sunana? Ko a rubutun ƙarshen fim ba ni."

"Shekarata sha takwas!"

"Da kika kai arba'in fa? A jana'izar Maestro har fure kika ajiye, a talabijin na gan ki. Kada ki zo ki huce a kaina, yarinya. Ni rawar wasu na yi ta daka har na rasa turmin daka tawa."

Maganar furen ta soki Nunzia, don gaskiya ce. Ceccarelli ya shiga tsakaninsu yana cewa haba mata, haba mata, mu duka abu ɗaya muke so.

"Saverio," in ji Nunzia, "goge."

Saverio ya kalli Ceccarelli.

"Ni kake wa aiki ko shi? Goge. Ka dawo mini da na rumbun, da ruwan da komai."

"Ba wanda zai ji kalma ɗaya!" Murmushin Ceccarelli ya gudu. "Wa zai sayi tikiti ya saurari kwano? 'Yan bikin ba za su karɓa ba. To a rubuta maganar a ƙasan allo."

"Ba za a rubuta ba. Mai son ji ya kasa kunne."

"Nunzia, ni na ɗauko ki lokacin da ba mai amsa wayarki."

"Maestro ma haka ya ce mini, Dottore. Kusan da kalmominka."

Ceccarelli ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce daga yau ta nemi mai biyan ɗakin nan, lauyansa zai kira ta. Bai rufe ƙofar ba.

Ortensia ta miƙe da ƙyar, ta gyara gyalenta. Ta tsaya tana kallon allon, inda fuskar Nunzia ta daskare baki a buɗe.

"Nawa ya fi kyau," ta ce.

"Na sani."

"To wa zai kira mini tasi? Shi furodusan ne ya kawo ni."

Ta fita tana dogara sandarta. Saverio ya danna maɓallin. Ruwan Kalabriya ya cika ɗakin, daga ƙarƙashinsa wata shaƙaƙƙiyar murya tana tasowa tana nutsewa. Nunzia ta zauna a ƙasa ta saurara har ƙarshe, haƙoranta a cije.

Fim ɗin ya fita da bazara, a ƙananan gidajen kallo uku. Nunzia ta rasa furodusa ɗaya, da gurbin bikin, da gidanta na Roma wanda ta sayar ta fanshi fim ɗin daga hannun lauya. Saverio ya rasa ayyuka biyu da Ceccarelli ya yi masa alkawari. Ortensia ta rasa aikinta na ƙarshe, ba a sake kiran ta ba. Daga cikin abin da Nunzia ta faɗa a rumbun, kashi uku cikin huɗu ruwa ya tafi da shi.