Ruwan Hita a Ƙafar Hatim

Muntaka na kwance rigingine a ƙarƙashin dashbod, ƙafafunsa a waje, lokacin da sabon injin fankar hita ya ɗauka. Iska ta buso masa tsohuwar ƙura a fuska. Ya fito yana tari yana dariya.

Motar wata tsohuwar akori-kura ce ja, gadon Hatim daga mahaifinsa. Hatim Balarabe ne, mutumin unguwar Abhur, kuma yana lallaɓa ta kamar jaririya. So yake ya tafi da ita Tabuk, garin sanyi, cikin hunturu, shi ya sa ya kawo ta garejin Ubale a bayan Sharafiyya. In ba haka ba, wa ke neman hita a Jidda? Nan yanke tiyon ruwan zafin ake yi a zagaye da shi, kuma kowane bakanike ya san ba a sake sakar masa ruwa sai an canza ɗan lagireton da ke cikin dashbod. Muntaka kuwa ɗan Jos ne, inda hita ba ta hutawa balle ta ruɓe. Ganin tiyo a zagaye, sai gogan naka ya mayar da shi mazauninsa, bai tambayi kowa ba.

"Bismilla, ya shaikh, shiga ka ji," ya ce.

Hatim ya zauna, ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafafu. Inji ya yi zafi. Sai fus! Tafasasshen ruwa mai tsatsa ya feso masa daga idon sawu har ƙauri. Ihun da ya kurma sai da ya tsayar da guduma a garejin maƙwabta.

Kafin Muntaka ya kashe motar, Badr ƙanen Hatim ya fizgo shi ta wuyan riga, ya gwara kansa da ƙofa. Ya zare baƙar igiyar da ke kan ɗankwalinsa ya zabga masa a ido. Sannan ya ja da baya yana haki, ya zaro waya.

Nan Muntaka ya gane hukuma zai kira. Umra ya zo ya maƙale, ba takardar iƙama, ba kafilin da zai tsaya masa. Rabi'a matarsa tana ɗaki da tsohon ciki, ita ma ba takarda. In askarawa suka zo, shi sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga can sai jirgi, ita kuwa ta haihu ba kowa.

Ubale ya ga wayar. Bahaushen Sudan ne, dattijo, shi ya ɗauki Muntaka aiki, faranti ɗaya suke ci. Ya daɗe a ƙasar nan, ya san fushi irin wannan ba ya kwanciya sai ya ga jini. Ya wawuri fambel ya yi kan Muntaka.

Wallahi ba dukan wasa ba ne. Ya tsula masa a baya, a wuya, a kunne. Ya kai shi ƙasa ya bi da ƙafa, yana ɗura masa ashar da Larabci don Badr ya ji. A tsakanin zagin, ƙasa-ƙasa, ya ce da Hausa:

"Yi ihu, don Allah. Ka yi ihu!"

Muntaka bai buƙaci a roƙe shi ba. Bakinsa ya bugi bakin ramin gyara, ya ji haƙori ya tafi. Ubale bai tsaya ba, yana duka yana satar kallon yatsan Badr a kan waya.

"Halas, ya isa!" Hatim ya daka tsawa daga cikin mota. "Kashe shi za ka yi? Badr, bar wayar nan, kai ni asibiti. Yalla!"

Badr ya dubi jinin da ke malala cikin baƙin mai, ya tofar da yawu, ya jefa wayar aljihu. Ya tallabi yayansa zuwa tasa motar, suka fice.

Gareji ya yi tsit. Ubale ya yar da fambel. Ya ɗebo ruwa a gwangwani, ya durƙusa, muryarsa ta dishe.

"Kawo fuskar, ƙanena."

Yana miƙo hannu, Muntaka ya ƙanƙame, ya kare kansa da damtse.

"Na gode, Yaya," ya ce ta cikin jini. "Allah ya saka."

Har zuciyarsa ya faɗa. Amma damtsen nasa ya ƙi sauka.