Gadon Inna da Zauren Hajiya Dela

Sama'ilu ya daɗe yana neman haya a tsohuwar unguwar manya da ke cikin garin Kazaure, ba don son burga ba. Mahaifiyarsa ce ta gamu da shanyewar ɓarin jiki a ƙauyensu na wajen Gwiwa, yana so ya dawo da ita kusa da shi, inda kai ta asibiti ba zai yi wuya ba. Mutanen unguwar ba su cika ba baƙo haya ba. Sai da wani abokin aikinsa ya tsaya masa, sannan Hajiya Dela ta ba shi sashen baya na gidanta, ɗaki biyu da falo, ga tayil ga famfo.

Sharaɗi ɗaya ta kafa masa: kada a taɓa zaure. Kakanta ne ya gina shi da ƙasa, ko ƙusa ba ta yarda a buga masa.

Ana gobe za a kawo Inna, aka iso da gadonta a mota. Gadon ƙarfe ne mai ɗagowa ta wajen kai, irin wanda likita ya ce a nema mata. Mai walda ya haɗe shi gaba ɗaya, ba ya kwancewa. Gadon ya shiga zauren lafiya. Amma daga nan akwai wani siririn lungu mai lanƙwasa, wanda magabata suka yi don kada na waje ya hango cikin gida. A nan gado ya tsaya. Aka karkata shi, aka miƙar da shi tsaye, ya ƙi.

"Malam," in ji direba, "a ɗan fafe kusurwar nan kawai."

"Je ka fafe ta gidanku," in ji Hajiya Dela daga ciki.

Sama'ilu ya zauna a dakali. In gadon bai shiga ba, Inna ba ta da wurin kwanciya, sai dai ta ci gaba da zama a ƙauye.

Hajiya ta leƙo. "Wai duk wannan gumin a kan gadon amarya ne?"

"A'a, Hajiya. Na mahaifiyata ne. Ba ta iya tashi da kanta."

Ta dube shi. "Shi ne ba ka faɗa ba, ɗan nan?"

Ta juya cikin gida, ta je jikin katanga ta ɗaga murya ta kira maƙwabciyarta. "Ikilima! Kin kurumce ne?"

"Na ji ki, uwar faɗa. Gishirinki ne ya ƙare kuma?"

"Buɗe babbar ƙofarki, maza za su shigo. Gado za a tsallako da shi ta nan."

"Maza a gidana? To bari in sa mayafi in kwashe shanya. Kuma duk wanda ya karya mini reshen gwaiba, ke za ki ji a jikinki."

Haka aka yi. Aka zagaya da gadon ta gidan Hajiya Ikilima, mai faffaɗar ƙofar shigar mota. Mazan da ke hira a bakin masallaci suka taso suka sa hannu. Wasu suka ɗaga shi bisa katanga ta can, wasu suka tare shi ta nan, tsofaffin biyu kowacce na ba da umarnin da ya saɓa wa na 'yar'uwarta, har gado ya sauka a tsakar gida.

Washegari Sama'ilu ya goyo Inna daga mota, ya ratsa lungun da ita a hankali, ya kwantar da ita. Hajiya Dela ta jawo kujera ta zauna a gefenta.

"Sannu da hanya, 'yar'uwa," ta ce. Sannan ta dubi Sama'ilu. "Kai kuma ran Litinin ka tafi aikinka. Ni da waccan mai surutun muna nan tare da ita."