Akuyar Inna Tasalla Ta Shiga Lissafi

Da Onyinyechi ta gama bautar ƙasa, sai ta samu aiki da wani kwamitin tsaro da sulhu a yankin Malumfashi. A Funtua aka haife ta, inda mahaifinta Marcellinus yake da shagon kayan gyaran babur kusa da tasha, kuma Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Aikinta shi ne ta tattaro bayanin laifukan da ake yi a ƙauyuka, don kwamitin ya san inda zai sa ƙarfi.

Ta fara da ƙararrakin da aka kai wa 'yan sanda da kotu. Da ta haɗa su, sai ta ga wai a Unguwar Ɗorawa ba a yi sata ko ɗaya ba tun bara. Abin ya burge ta. Ta hau keke Napep ta tafi ta ga mutanen kirkin nan da idonta.

Ta tarar da mata a wani tsakar gida suna ɓarar gyaɗar iri. Bayan gaisuwa ta ce, "Barka na zo yi muku. An ce garinku ba a sata."

Matan suka kwashe da dariya, har wata ta kifar da faifanta. Wata dattijuwa mai suna Tasalla ta goge hawayen dariya da bakin zane.

"Wa ya faɗa miki haka, ɗiyata? Ni da kike gani, jar akuyata aka kwance mini makon jiya. Kuma da ciki."

"Ayya, Inna. Kin kai ƙara?"

"Ƙara a kan akuya? In hau mota har Malumfashi, a tambaye ni lambarta kamar babur? Na bar wa Allah."

Nan fa kowacce ta buɗe baki. Wannan tunkiya, waccan ɗan akuya, wata kuma an kwashe mata biyu rana ɗaya. Ba wadda ta taɓa kai ƙara. Onyinyechi ta ba su lambar wayarta, ta ce duk wadda aka yi wa sata ta turo saƙon murya, ta faɗi ranar da lokacin da inda aka ɗaure dabbar. Wadda ba ta da waya ta gaya wa Malama Bushra, mai koyarwa a Islamiyyar garin, ita za ta turo.

Labari ya bazu zuwa maƙwabtan ƙauyuka da rugagen Fulani. Saƙonni suka riƙa shigowa, wasu sai an gaida ta, an gaida iyayenta da gajiya da damina, kafin a zo kan akuya. Wata Lahadi tana saurarensu a gida, mahaifinta ya leƙo.

"Onyi, ashe jami'ar awaki muka tura ki?"

"Baba, yi haƙuri, wannan ma tunkiya ce."

Ya yi dariya ya zauna. Daga ranar, shi ne mai taya ta gane sunayen ƙauyuka, don ya san su ta wajen masu babura.

Kafin kaka ta kama, abin ya fito fili. Onyinyechi ta tsaya gaban kwamiti da taswira. Ga shugaba Alhaji Aƙilu, ga babban ɗan sandan yankin, ga magatakardan kotu, ga sarkin dillalan awaki, ga kuma Arɗo Maharazu, shugaban makiyaya, wanda ya zauna can gefe fuska ba walwala. Ya saba duk taron da aka ambaci satar dabba, shi ake juyowa a kalla.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "yawancin satar nan ranar jajiberin kasuwa ake yin ta, da rana tsaka, maza suna gona. Kuma garuruwan da abin ya fi shafa duk suna bakin hanyar burjin da ta ɓulle kasuwa."

"Ai an san masu yi," wani ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Na ji ana faɗa," ta ce. "Amma ku duba nan. Rugagen da ke bakin hanyar sun yi asara daidai da ƙauyukan. Rugar Arɗo ma tana cikin waɗanda aka fi yi wa."

Arɗo ya miƙe ya matso ya ƙura wa taswirar ido. Sai murmushi ya kuɓuce masa.

"Yarinya, Allah Ya yi miki albarka. Ashe ni ma ina cikin masu kuka."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har wanda ya yi maganar ya miƙa masa hannu. Babban ɗan sanda ya ce shi ma ya ji daɗi, don da ma yana tura yaransa sintiri ba tare da sanin ranar da ta fi ba. Aka tsayar da cewa za a tsare hanyar burji duk jajiberin kasuwa. Baƙon da ya kawo dabba ba za a saya ba sai wani sananne ya tsaya masa. Magatakarda kuma ya yi alkawarin roƙon alƙali ya riƙa zama a kasuwa don ƙananan ƙararraki, kada nisa ya hana talaka magana.

Ba a daɗe ba aka tare wasu mutum biyu da keke Napep, sun lulluɓe awaki da buhunan taki. Suka nuna wani kango inda suke tara sauran. Ranar kasuwa aka kora dabbobin gaban alƙali a gindin wata bishiyar mangwaro, masu su suka yi layi.

Da aka zo kan Inna Tasalla, alƙali ya ce, "Inna, wace shaida gare ki?"

Tsohuwar ta juya wajen dabbobin. Ta tafa hannu ta yi wani ɗan kira da harshe. Wata jar akuya ta fizge igiya daga hannun ɗan sanda, ta ratsa jama'a, 'ya'ya biyu suna tsalle a bayanta, ta zo ta kama bakin hijabin tsohuwar tana tauna.

"Kotu ta gamsu," in ji alƙali, yana danne dariya.

Mata suka rangaɗa guɗa. Inna Tasalla ta rungume Onyinyechi, ta tambaye ta mene ne sunan aikin nan nata da Hausa.

"Ƙididdiga, Inna."

"Ƙidi me? Kai, ya yi mini tsawo." Ta sunkuya ta ɗauki 'yar akuyar mace. "To wannan sunanta Ƙidi. Namijin kuma Arɗo zai zaɓa masa."

Arɗo Maharazu ya ce sai ya yi shawara da iyali, don raɗin suna ba wasa ba ne. Suna cikin wannan raha wasu mata suka tsaya gefe suna jiran Onyinyechi. Daga wajen Mahuta suka zo, sun ce su matsalarsu satar buhunan masara ce, kuma suna so su ji wace rana za ta iso.